Naman Da Ya Riga Baƙi Tafiya

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya in ɗauke ku zuwa Indunusiya, ƙasar da ke da tsibirai sama da 17,000. Kada ku ce ta yi mana nisa, domin Indomie ɗin da yaranmu ke kuka a kanta 'yar can ce, kuma "mie" ɗin da ke ƙarshen sunan taliya yake nufi a harshensu. To amma abincin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani nama da suke kira rendang.

Rendang na mutanen Minangkabau ne, mazauna yammacin tsibirin Sumatra, inda birnin Padang yake. A al'adarsu mace ke gadon gida da gona, shi kuwa saurayi in ya tasa sai ya fita neman arziki, abin da suke kira merantau, wato dai cin rani irin nasu. To me uwa za ta ba ɗanta na guzuri, a ƙasa mai zafi da laima, a zamanin da babu firji? Sai ta samu naman sa, ta zuba madarar kwakwa, da citta, da tafarnuwa, da barkono, da kurkur, ta ɗora a wuta kaɗan-kaɗan tana juyawa na awoyi, har ruwan ya tsotse, naman ya yi duhu ya shanye mansa. Irin wannan yakan yi makonni bai lalace ba. Duk wadda ta taɓa yi wa matafiyi dambun nama ta san wannan ƙaunar. Har gobe alhazansu na tafiya Makka da shi, kuma da girgizar ƙasa ta afka wa Palu a 2018, rendang aka tara daga Sumatra ta Yamma aka aika musu.

Waɗannan 'yan cin ranin su suka bubbuɗe gidajen abincin Padang a lungu da saƙon ƙasar har Malesiya da Singafo. Kana zama za a jera maka ƙananan faranti fiye da goma, abin da ka ci shi kaɗai za ka biya.

Daga baya duniya ta farga. A 2011 masu karanta shafin CNN suka zaɓi rendang a matsayin abincin da ya fi kowane daɗi a duniya, suka sake a 2017. A 2018 ma'aikatar yawon buɗe ido ta ware abinci biyar na ƙasa: rendang, soto, sate, nasi goreng da gado-gado. Sate ɗin nan, jama'a, tsire ne a tsinke da miyar gyaɗa. A garin Ubud na tsibirin Bali kuwa, tun 2015 aka fara bikin abinci, kuma baƙi na biyan kuɗi a kai su kasuwa da sassafe, a koya musu daka a turmin dutse.

Abin da nake so mu lura da shi, ba don baƙo aka ƙirƙiri rendang ba. Masu shi ne suka fara girmama shi, suka ci shi a biki da Sallah, suka yi tafiya da shi ba tare da jin kunya ba, sannan baƙo ya biyo ƙamshi. Tsorona ɗaya ne: ranar da aka rage barkono aka gajarta awoyin don baƙo na sauri, sunan zai saura, naman ya tafi. Ga kuma tsohuwar da ke shan hayaƙi a ƙauye, ko nawa ne rabonta a kuɗin da otal ke karɓa?

Mu marubuta kuma, jarumarmu in ta auri mai kuɗi sai a cika mata tebur da abincin Turawa, kamar fura da kilishi ba sa shiga falo. Abin da littafi ya raina, wane baƙo ne zai hau jirgi dominsa?

Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu. Na barku lafiya.