Kada Ka Nemi Wanda Ya Rubuta

Babana,

Ummanku tana gaishe ku, tana tambayar jikin 'yar ƙaramar.

Maganar da muka yi a waya daren Juma'a ce ta hana ni sakat. Ka ce wani cikin ma'aikatan reshenka ya kai ƙararka hedikwata bai sa suna ba, har sashen kula da ma'aikata sun kira ka. Ka lissafo mini abin da aka rubuta: kana yi wa mutane tsawa a mitin ɗin safe, kana shiga zauren WhatsApp ƙarfe goma sha ɗayan dare kana kiran sunan duk wanda bai cika taget ba, ka hana wani hutu ranar sunan ɗansa, ka ce wa wata 'yar kwantiragi akwai ɗari irinta a bakin get suna jira. Daga nan ka ce, "Wallahi, Baba, munafuki ne, sai na gano shi." Ka ce kana da aboki a sashen kwamfuta. Na yi shiru ne don na ji ranka a ɓace, kuma mai fushi ba ya jin kira. Shi ya sa na ɗauko biro.

Roƙona gare ka, in har ina da alfarma a wurinka: kada ka nemi wanda ya rubuta takardar nan. Kada ka kira abokin naka. Kada ka sa masinja ko direba ya zama kunnenka. Kada ma ka riƙa ƙare wa fuskokinsu kallo da safe kana auna wa zai iya.

Ka san bankin Barclays na Ingila, yana cikin waɗanda iyayenmu suka sani a ƙasar nan kafin reshensa na nan ya koma Union Bank a 1979. A watan Yunin 2016 wasiƙu biyu marasa suna suka isa hannun manyan bankin, suna magana a kan wani babban ma'aikaci da aka ɗauka ba da daɗewa ba, tsohon abokin aikin shugaban bankin, Jes Staley. Shi Staley ya ɗauki abin a matsayin ƙage da neman ɓata sunan amininsa, sai ya sa sashen tsaron bankin su nemo masa marubucin. Aka nuna masa hakan bai dace ba. Bayan ɗan lokaci ya sake tayar da maganar, har aka nemi taimakon jami'an Amurka, tunda daga can aka jefo wasiƙar. Ba a gano kowa ba. Amma a watan Mayun 2018 hukumomi biyu masu sa ido kan bankunan Birtaniya suka ci shi tarar fam 642,430 daga aljihunsa, bankin ya zaftare fam 500,000 daga bonas ɗinsa, sannan a Disambar shekarar hukumar kula da harkar kuɗi ta jihar Niyok ta ci bankin kansa tarar dala miliyan 15. Ka lura da kyau, wasiƙar ma ba a kansa take ba. Neman marubucin kawai ya jawo masa wannan duka. Dalilin hukumomin kuwa a fili yake: ranar da ma'aikata suka ga ana farautar wanda ya buɗe baki, kowa zai kama nasa, kuma bankin da bakin ma'aikatansa ya rufe, yana tafiya ne da amanar dukiyar jama'a ido a rufe. Wannan shugaban banki ne sukutum, da lauyoyinsa da masu kare shi. Kai manajan reshe ne, Babana. In aka kama ka kana bin sawun mai ƙorafi, ba wanda zai tsaya maka, hatta wanda yake zuga ka yau.

Amma ba tsoron kora ne babban abin da ya sa ni rubutu ba. A duk maganar da ka yi mini daren nan, ban ji inda ka ce ƙarya aka yi maka ba. Cewa ka yi, "Haka aikin yake." Nan ne zuciyata ta karye.

Da Sallar da ta wuce, bayan mun sauko daga idi, kana tsaye a ƙofar gida wayarka ta yi ƙara. Ina zaure ina jinka. Ban san da wa kake magana ba, amma na ji ka kira shi Malam, wato ya girme ka ke nan. Ka ce masa in bai kawo ajiyar da ya yi alkawari ba kafin ranar Laraba, ya nemi wata sana'ar, kai ba ka riƙon ragwaye. 'Yarka tana riƙe da gefen babbar rigarka, lalle a hannunta, ta ɗaga kai tana kallon bakinka. Da ka kashe wayar ka shigo kana murmushi ka ce a kawo maka nama. Ni kuwa tunanina yana wurin wancan mutumin. Shi ma ranar Sallah ce a gidansa, mai yiwuwa a gaban iyalinsa ya ɗauki wayar, ya miƙe ya koma bayan ɗaki yana cewa "To, ranka ya daɗe." Ban san wannan muryar a bakinka ba. Yaron da na raina, in aka yi wa almajiri tsawa a ƙofar gida shi ne ke fara hawaye.

Na san ba daga cikinka abin ya taso ba. Na san manajan shiyya yana kiranka safe da yamma, na san yadda ake jera rassa a allo daga na sama zuwa na ƙasa, a karanta sunanka a gaban takwarorinka. Abin da aka zuba maka daga sama shi kake juyewa ƙasa. To bari in ba ka labarin inda irin wannan hanya take kai mutane.

Wells Fargo yana cikin manyan bankunan Amurka, hedikwatarsa a San Francisco. Shugabanninsa suka ɗora buri cewa kowane gida da ke hulɗa da su ya mallaki hajarsu har guda takwas: asusun ajiya, asusun yau da kullum, katin bashi, da sauransu. Aka raba wa kowane ma'aikaci adadin da zai sayar a rana, ana kiran manajojin rassa sau da yawa a yini ana tambayar lissafi, wanda ya gaza a wulaƙanta shi ko a yi masa barazanar kora. Mutumin da ke da haya da kuɗin makarantar yara a kansa me zai yi? Sai suka shiga buɗe asusu da sunan kwastomomi ba da saninsu ba, suna ɗebe kuɗi daga asusun gaskiya su zuba a na bogi don ya yi kamar yana aiki, suna nema wa mutane katin bashi da ba su roƙa ba, wasu har da ƙirƙirar sa hannu. Jaridar Los Angeles Times ta fallasa abin tun Disambar 2013, aka yi kunnen uwar shegu. Sai a Satumbar 2016 asiri ya tonu gaba ɗaya: tarar dala miliyan 185, asusu da katuna kimanin miliyan 2, wanda ƙarin bincike ya kai miliyan 3.5 a shekarar da ta biyo.

Ka san su wa aka fara kora? Ma'aikata 5,300 a cikin shekaru kamar biyar, akasarinsu ƙananan ma'aikatan rassa da manajojinsu. Shugaban bankin, John Stumpf, da farko a kansu ya nemi ɗora laifin. Sai da ya zauna gaban Majalisar Dattawa, Sanata Elizabeth Warren ta ce masa ido da ido ya kamata ya sauka, kafin ya ajiye aiki a Oktoba. A 2020 aka haramta masa aikin banki har ƙarshen rayuwarsa, da tarar dala miliyan 17.5, bankin kuma ya biya dala biliyan 3. Carrie Tolstedt, wadda duk rassan suke ƙarƙashinta, a 2023 ta amsa laifin kawo cikas ga binciken hukuma. Babban bankin Amurka ya hana Wells Fargo ƙara girma tun Fabrairun 2018, ba a ɗage ba sai Yunin 2025.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne, ai an yi ta faɗa. Bankin yana da layin kai ƙorafi, ma'aikata sun kira, sun rubuta, wasunsu har ga shugaban kansa. Daga cikin masu kiran akwai waɗanda aka samo wa wani ɗan laifi aka sallama. Wani manaja da aka kora a 2010 bayan ya kai rahoton abin da yake zargin zamba ne, sai a 2017 ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta ba da umarnin a mayar da shi, a biya shi kusan dala miliyan 5.4. Shekara bakwai ke nan mutum yana yawo da tabo. Da an saurari irinsu tun farko, da dubban mutanen nan ba su rasa abincinsu ba.

Yanzu ka duba inda manajan reshe yake tsaye a cikin wannan duka. In ta fashe, na sama zai ce shi lamba ya ba ka, bai ce a yi maguɗi ba. Na ƙasa zai ce oga ne ya matsa mini. Duk biyun kuma kai suke nunawa.

Na yi shekaru a sashen bincike ina zagaya rassa, kuma abin da idona ya gani shi ne reshen da manajansa ya fi tsawa, littafinsa yakan fi kowanne kyau ranar farko. Sai ka zauna ka bi a hankali. Za ka ga ɗan kasuwa ya zuba kuɗi masu yawa ranar 30 ga wata, ya kwashe abinsa ranar 2, don wata yarinya ta je rumfarsa ta roƙe shi kamar ta yi kuka. Za ka ga asusu bila adadin da sunan ƙanne da surukai, ba ko sisi a ciki. Akwai wani reshe da na taɓa zuwa, na tarar da kashiya yana ƙirga damin kuɗi ɗaya yana maimaitawa, yatsunsa na rawa, manaja na tsaye a bayansa. Ashe ya daɗe yana cike giɓi da albashinsa, ba don ya ci ba, sai don kuskure ne ya faru kuma yana tsoron furtawa. Kuskuren da za a gyara cikin awa ɗaya ya zama rami. Wanda yake tsoronka ba zai kawo maka mugun labari da wuri ba, kuma a aikin banki mugun labarin da ya makara shi ne ke rushe mutum. Wanda ya rubuta takardar nan, ko ma wane ne, ya gaya maka halin da reshenka yake ciki tun kafin odita ya gaya maka.

Na san akwai ciwo a ce an kai ƙararka a ɓoye. Kana cewa me ya sa bai zo ya same ka ba. Ka tambayi kanka, 'yar kwantiragin da ka ce wa akwai ɗari irinta a get, da wace ƙafa za ta shigo ofishinka? Ɓoye sunan shi ne kaɗai garkuwarta, in ma ita ce. Mai yiwuwa kuma a cikin takardar akwai ƙari, ko wani abu da aka juya. Babba juji ne, Babana, dole a zubo. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, da duk darajarsa cikin Sahabbai, mutanen Kufa sun kai ƙararsa gun Sayyidina Umar, aka tura mutane suka bi masallatan garin suna tambaya a kansa, ya tsaya aka bincike shi. Bai rage masa daraja ba.

Ka kuma sani doka ba ta gefenka a wannan. Tun 2014 Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa kowane banki ya buɗe hanyar kwarmata bayani, ya kuma hana a yi wa mai kwarmatawa bita-da-ƙulli. A 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, ga kuma Kotun Ma'aikata tana zaune. Saƙonnin da kake turawa cikin dare suna nan a wayar kowa, da kwanan wata da lokaci.

In masu binciken sun zo, ka ba su ɗaki su gana da mutanenka kai ba ka nan. Ka amsa abin da ka yi, ka yi bayanin abin da aka juya, ba tare da ka tambaye su wa ya faɗa ba. Kafin su gama kada ka keɓe kowa ka ce za ka ba shi haƙuri, don zai iya zama kamar tsoratarwa. Abin da za ka iya tun gobe shi ne wanda ya shafi kowa: saƙon dare ya tsaya, wanda ya gaza a kira shi ofis a rufe ƙofa, wanda haƙƙinsa na hutu ya zo a ba shi. Bayan an rufe maganar, ka taka har gidan mutumin da ka hana zuwa sunan ɗansa, ka ga jaririn, ka nemi afuwarsa. Wannan bashi ne a wuyanka, kuma haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

Saura mai wuyar, wato manajan shiyya. Ka zauna ka rubuta masa abin da reshenka zai iya kawowa tsakani da Allah, da hujjar kasuwar garin, ka aika ta imel don ta zama shaida. Zai yi faɗa. Mai yiwuwa bonas ɗin bana ya wuce ka, ko a jinkirta maka ƙarin girma, ko a tura ka wani reshe mai nisa. In don mu kake jure wannan, to ka ji daga bakina: fanshona da ɗan abin da gona ke kawowa sun ishe ni da Ummanku, kuɗin makarantar ƙannenka kuma za mu san yadda za a yi. Ban yarda a ci da ni da hawayen 'ya'yan mutane ba.

Ka kira ni da zarar kun gama zama da su, ko da dare ya yi. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam,
Mahaifinka.