Ranar da Kududdufinmu Ya Yi Kore



A bayan gidanmu a Tofa akwai kududdufin da aka haƙa tun zamanin kakanni wajen ɗibar ƙasar gini. Wata bazara, ina ɗan shekara goma sha biyu, muka wayi gari fuskar ruwan ta yi kore shar kamar an kwarara fenti, ga wari. Cikin kwana biyu awakin Inna uku suka mutu. Nan take aka ce guba aka zuba, aka ɗora wa wani maƙwabcinmu da ya taɓa rigima da Baba kan iyakar gona. Tun daga nan gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu.

Sai da na girma na karanta cewa gansakuka iri-iri ce. Akwai mai zare-zare, wadda yawanci ba ta cutarwa. Akwai kuma wasu ƙananan halittu da masana ke kira sayanobakteriya, masu yaɗuwa idan ruwa ya kwanta, zafi ya tsananta, kuma takin zamani da kashin dabbobi sun gangara ciki. Wasunsu na fitar da dafi mai suna maikurosistin, wanda ke lalata hanta, kuma tafasa ruwa ba ya kashe shi. Duk sharuɗɗan nan sun cika a kududdufinmu.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 1996, a garin Caruaru na Brazil, gomman masu wankin ƙoda sun rasu saboda ruwan da aka yi musu aiki da shi yana ɗauke da dafin. A 2014 an hana mutanen Toledo ta Amurka, kusan 400,000, shan ruwan famfo na kwana uku. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botswana, hukumomin ƙasar suka ce dafin sayanobakteriya ne. Wasu ƙasashen da ke bakin teku ma suna ɗibar ruwa suna aunawa a kai a kai, suna duba launinsa ta tauraron ɗan'adam, su hana kamun ƙumba idan dafi ya yi yawa.

Mu a ƙauye idonmu ne ma'auninmu na farko. Tsoma sanda a ruwan. In ta fito da zare, da sauƙi. In ta fito kamar an shafa mata fenti, a janye yara da dabbobi. Ko ka cika kwalba ka ajiye a wuri mai sanyi ta kwana: idan koren ya taso ya taru a sama, abin tsoro ne, a sanar da mai unguwa da malaman lafiya. Wannan ba ya maye gurbin awo, amma yana iya tsare rai.

Da wani ya tsoma sanda a ranar nan, da wataƙila ba a zargi bawan Allahn nan ba. Bara ya rasu, na je ta'aziyya na kasa haɗa ido da 'ya'yansa. Da na dawo na zauna da Inna na yi mata bayanin gansakuka. Ta daɗe shiru, sannan ta ɗauki mayafinta ta ce in raka ta gidansu.

Allah ya jiƙansa, ya yafe mana.