Ina Lilon Sallar Fataskum Ya Tafi?

Mai karatu, idan ka baro Kano da sassafe, ka bi ta Wudil da Azare, kafin azahar kana Fataskum, garin da ake rubutawa Potiskum. Tun daga bakin gari jerin tireloli za su tare ka, sai inuwar itatuwan maina, sai ƙurar kasuwar shanu, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Baƙo yakan ɗauka garin na ciniki ne kawai. Amma tambayi duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a nan shekarun 1980 zuwa 1990, abin da zai fara ba ka labari shi ne lilon Sallah.

Turawa a bakin teku suke kafa wuraren wasansu. A Koni Ailan da ke birnin Niyok na Amurka, ƙaton lilon nan mai siffar ƙafar keke yana juyawa tun 1920, jikokin waɗanda suka fara hawansa ne ke hawa yanzu. Mutanen Legas kuwa Bar Beach suke tunawa, wurin da aka cike da yashi aka kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic. Mu ba mu da teku, sai rairayi, kuma a kansa aka kafa mana namu.

Da an sauko daga idi, an kalli hawan Mai Fika, sai yara su fantsama yawon Sallah. Duk kwabon da ka samu a gidan gwaggo da kawu, a filin lilo yake ƙarewa. Lilon kansa aikin mai walda ne: ƙarfe, sarƙa da katako, sai fenti ja da kore. Babu inji, babu lantarki. Wani ƙaƙƙarfan saurayi ne ke tura shi da hannu, gumi na zuba. Akwai mai kai da komo, akwai mai zagayawa wanda idan ka sauka sai ƙasa ta yi ta juya maka, ka zauna daɓas, abokai na dariya. Idan mai lilo ya ga kana ihun "a sauke ni!", lokacin ne zai ƙara turawa.

A gefe ga mai hayar keke, yana ƙirga zagaye da ido. Ga mai hoto da labulensa mai zanen jirgin sama. Ga 'yan talla da alewar madara, gullisuwa, aya, rake da zoɓo mai ƙanƙara. Wata shekarar har masu wasa da kura da biri sukan zo, mu bi su a baya, zuciya na dukan uku-uku. A layin lilo ba a tambayar ko kai Bangizime ne, ko Bakarkare, ko Babole, ko Bafulatani. Ɗan mai tirela da almajiri kujera ɗaya suke hawa, tsoro ɗaya suke ji.

To, me ya faru? Kowa a garin ya sani. A watan Mayun 2012 aka kai hari kasuwar shanu. A 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Yobe, Borno da Adamawa. A watan Nuwamban 2014 bom ya tashi ana taron safe a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, ya kashe ɗalibai da yawa. Daga nan taron jama'a ya zama abin gudu. Uwar da ta kulle ɗanta a gida ranar Sallah ba ta yi laifi ba. Rai ta tsare.

Alhamdu lillahi, zaman lafiya ya dawo, kasuwa ta cika, ana hawan Sallah. Sai dai da na je Sallar bana, na ga abin da ya tsaya mini a rai. A zauren gidanmu yara shida ne suka haɗa kai a kan waya ɗaya, cikin sababbin kaya, tun hantsi har la'asar. Ƙofa a buɗe take, ba wanda ya fita. Tsoro ne ya shigo da su ɗaki, waya ta riƙe su. Kai ma duba naka gidan, ko a Kano kake ko a Zariya.

Wannan ba kewar tsofaffi ba ce kawai, magana ce ta lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a kullum yana motsa jiki sosai, sannan ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya. Gudu da tsalle suna ƙarfafa ƙashi da zuciya, suna kawo barci mai daɗi. A filin wasa yaro ke koyon jiran layi, da faɗuwa ya tashi.

Ba na ce komai na da daidai ne ba. Mun ga sarƙar da ta tsinke, mun ga goshin da ya fashe. Don haka idan za ka kai yaranka, duba sarƙa da wurin walda da idonka. A tabbata ƙasan wurin rairayi ne, ba siminti ba. Kada ƙarami ya tsaya gaban lilo yana tafiya, kada a ɗora yara fiye da kima. A guji tsakar rana lokacin zafi, ƙarfe na ƙona fata, a kuma riƙe ruwan sha. Idan an ji rauni a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a je asibiti a duba batun allurar tetanas.

Lilo bai fi ƙarfin unguwa ba. Mai walda yana nan, rairayi kyauta ne, mai unguwa zai iya nuna fili. Kafin Sallah mai zuwa, ku iyaye ku haɗa kuɗi ku kafa ko guda ɗaya, ku sa manya biyu su tsaya a kai. Ranar kuwa ka ajiye wayarka a aljihu, ka tura ɗanka da hannunka. Idan ya yi ihun "Baba a sauke ni!", kai dai ka sauke shi, zai dawo layi da kansa.