Gahawar da ta shekara biyu a sito

Unguwa Uku, Kano.

Zuwa ga Yayana,

Yaya sanyin Gembu? Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa kira.

Ka tuna ɗanyar gahawar Mambila da ka aiko, wadda na karɓo a hannun direba a tashar Unguwa Uku? To, kwanakin baya da muke gyaran sito na ci karo da ragowarta a bayan buhun masara. Shekararta biyu cur. Korenta ya gudu, ta koma kalar kara, ƙamshinta kuwa na buhu ne zalla. Inna ta ce a zubar. Na baza ta a faifai na duba, ba fumfuna, ba ƙwaro, sai na ce a'a, da hanau gara mannau.

Suyar farko dai asara na yi. Na ɗora kasko a kan gawayi mai ruruwa kamar mai suyar gyaɗa, kafin minti shida baya ya ƙone, ciki ɗanye. Sai na ɗebi kaɗan na kai wa tsohuwar nan 'yar Sudan ta Gyaɗi-Gyaɗi, ƙawar Inna. Ta ciji ƙwaya ɗaya ta yi dariya, ta ce hunturun Kano ya shanye ta. Gaskiyarta ne. Sabuwar gahawa tana da laima kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, ita ce ke kai zafi har tsakiyar ƙwaya. Wadda ta bushe kuwa da wuri wuta ke cin ta.

Ga yadda ta koya mini. A bar gawayi ya yi toka tukuna. A sami kasko mai kauri, a zuba rabin gwangwani kawai, a yi ta juyawa ba ɗaga hannu. Kunne ne ma'auni. Akwai ƙarar farko ta tsagewar ƙwaya, wadda masana ke cewa tana zuwa wajen digiri 196, amma ta tsohuwar gahawa ƙasa-ƙasa take, sai ka kasa kunne. Ta ce kada in sauke a nan kamar ta mutanen Makka, domin suya sama-sama tana tona warin buhu. In bari ta yi duhu, da zarar an fara jin ƙara ta biyu, ƙanana kamar gishiri a wuta, in juye a faifai in sheƙe ƙaiƙayin. Bayan kwana biyu in daka da citta.

Yaya, ɗan tsamin nan na sabuwa ya tafi, ba zai dawo ba. Abin da ya rage kauri ne da ɗaci mai daɗi. Ashe ma a gaɓar Malabar ta Indiya da gangan ake baza gahawa iskar damina ta tsufar da ita, a sayar da tsada.

Idan za ka aiko ta bana, ka ƙulle ta a leda mai kauri kafin buhu. Na kuma ɓoye maka gwangwani ɗaya ɗanya. In ka zo Sallah kai za ka riƙe muciya, mu ga ko za ka ƙona taka.

Taka ƙanwa.