Wannan Tafkin Gonar Wani Ce



Duk safiyar Lahadi wayoyinmu sukan cika da ayoyi. Wannan ya turo, wancan ya turo, abin gwanin daɗi. Sai dai mun daɗe muna lura da hotunan da ake ɗora ayoyin a kai: dutse mai farar ƙanƙara a ka, tafki mai ruwa garau, itatuwan da ko sunansu ba mu sani ba. Yaron da ya tashi a Gesse yana ganin irin wannan kowane mako, sannu a hankali zai ɗauka a can wata ƙasa Allah ya zuba gwanintarsa, mu nan rana da ƙura aka bar mana. Ba wanda ya taɓa faɗa masa haka a wa'azi, amma hotunan suna faɗa.

Shi ya sa muka ji daɗi da wasunku suka fara fita da waya suna ɗaukar hoton ƙasarmu. Ba wanda ya koya musu, ba su kuma da kyamara mai tsada. Wanda ya tsaya wajen Dukku da yamma ya ga yadda tudu yake gangarawa zuwa fadamar Rima, shinkafa kore shar iyakar ganinsa, giginya tana tsaye ɗai-ɗai, balbela tana bin shanu, ba zai ƙara cewa an yi mana rowa ba. Dogayen duwatsu kam ba mu da su a nan kusa, amma 'yan'uwanmu na ƙasar Zuru sun san dutse. Mutanen Yawuri kuwa suna da tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968. Ko Matan Fada na Argungu, da duniya ta san shi saboda bikin kamun kifin da aka fara a 1934, har UNESCO ta sa shi cikin abubuwan gadon duniya a 2016, yana da wata fuskar da baƙi ba su sani ba. Ku je ranar da babu biki, babu kiɗa, babu masu gora da homa, ku ga yadda ruwan yake kwance shiru.

Wannan sha'awar tana koya wa mutum haƙuri, abin da ya yi mana ƙaranci a zamanin nan. Da tsakar rana haske yakan kashe komai, hoto ya fito fari fat. Lokacin kirki shi ne jim kaɗan bayan fitowar rana, da kuma dab da faɗuwarta, sa'ad da inuwa ta yi tsawo, ƙasa ta yi ja. Mai son ganin hoton itace a cikin ruwa sai ya yi sammako kafin iska ta tashi ta motsa shi. A goge idon kyamara da gefen riga kafin a ɗauka, domin ƙurar hunturu ba ta raga masa. Kada a riƙa jawo abu kusa da yatsu, hoton fashewa yake yi. A taka a matsa kusa, ko a durƙusa. A kuma daidaita layin da sama ta haɗu da ƙasa, kada kogi ya karkace kamar zai zube daga wayar. Hazo ma da ake kuka da shi yana da nasa amfanin: yakan mai da rana kamar faifai, ya jera itatuwa baki-baki, na kusa ya fi duhu, na nesa yana dusashewa.

Cikin itatuwanmu, gawo ya fi ba mu sha'awa. Da damina, kowa yana fitar da ganye, shi zubar da nasa yake yi, ya tsaya tsirara kamar ya mutu. Da rani kuwa, ƙasa ta bushe, sai ya yi kore. Manomi ya san dalilin barinsa a tsakiyar gona: ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Baƙon da ya ɗauki hotonsa a watan Agusta zai rantse cewa itacen ya bushe. Hotonsa bai yi ƙarya ba, amma abin da zai faɗa a kai kuskure ne.

A nan ne maganarmu ta yau take. Mai ɗaukar hoto shaida ne. Yana cewa, na tsaya a wurin, ga abin da na gani. Kowane hoto kuma yana da gefe huɗu, mai wayar ne yake zaɓen abin da zai shiga da abin da za a bari a waje.

Ku tuna daminar 2020. Ruwa ya yi yawa a watan Agusta da Satumba, gulbi ya cika ya batse. Kun san yadda ruwanmu yake tafiya: kogin Rima da kogin Sakkwato suna haɗuwa kusa da Sakkwato, su biyo ta Argungu da Birnin Kebbi, su je su faɗa Kwara. A sama akwai madatsar Goronyo da ta Bakolori, waɗanda idan sun cika tilas a rage musu ruwa. Fadamarmu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce mai faɗi, ruwa ba ya samun abin da zai tare shi. A wannan shekarar fadama ta koma tafki. In mutum ya tsaya a kan tudu da magariba, abin da zai gani ya isa a ɗora masa aya: ruwa har ƙarshen gani, rana ja a cikinsa, kawunan itatuwa suna leƙowa, kwalekwale yana ratsawa. Ba mu taɓa ganin hoton tafki a ƙasar nan da ya kai waɗannan kyau ba. A ƙarƙashin ruwan kuwa shinkafa ce da ta kusa nuna. Da yawa cikin masu ita bashi suka ci suka noma, wasu a ƙarƙashin shirin rancen manoma da shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015. Kuɗin makarantar yara yana cikin ruwan nan. Auren da aka sa wa rana bayan kaka yana ciki.

To, mu ɗauka wani ɗan zumunta ya ɗauki wannan hoton, ya ƙara masa launi, ya rubuta a ƙasa cewa Allah mai alheri ne, ya watsa. Mai gonar ma yana da waya, ko ɗansa yana da ita. Wataƙila maƙwabcinmu Musulmi ne, wataƙila dattijo ne a ikilisiyarmu. Wace bishara muka kai masa? Allah mai alheri ne, babu shakka, amma mun ɗauki asarar mutum mun yi kwalliya da ita, mun kuma jingina sunan Allah a kai. Doka ta tara a Fitowa 20 a kan shaidar ƙarya take, mukan kuma ɗauka sai a gaban alƙali ake karya ta. Ana iya karya ta da yanke gefen hoto.

Labarin makahon Betsaida a Markus 8 yana da wani abu da ba a cika samu a sauran warkarwar Yesu ba: sau biyu ya taɓa mutumin. A taɓawa ta fari idonsa ya buɗe, amma mutane suka yi masa kama da itatuwa. Sai a ta biyu ya ga komai sarai. Yawancinmu masu sha'awar hoto a taɓawa ta fari muka tsaya. Muna ganin masunci a kwalekwale kamar yadda muke ganin goruba, wani baƙin abu da zai ƙawata faɗuwar rana. Ba mu tambayi sunansa ba, ba mu san ko ya kama abin kai wa gida ba.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe kallon kyau laifi ne. Da Ubangiji zai amsa wa Ayuba, a sura 38 da 39, halitta ya zagaya da shi ya nuna masa, alhali mutumin yana tsakiyar makoki. Manzo Bulus da ya nuna a Romawa 1 cewa ana gane ikon Allah ta wurin abin da ya yi, shi ne kuma a sura 8 ya kwatanta halitta da mai naƙuda. Duka biyun suna cikin fadamar Rima. Ku ɗauki hoton ruwan, amma ku rubuta gaskiya a ƙasa: ga wurin, ga ranar, gonakin shinkafa ne ruwa ya ci, a yi addu'a, a kuma taimaka. Irin wannan hoton yana iya buɗe hannun ɗan'uwan da ke Kaduna ko Jos fiye da doguwar sanarwa.

Haka batun itatuwa. Muna ɗaukar kuka guda da ta rage, mu kauce wa kututture goma da ke gefenta. Alhali gawayin da ake gasa mana masara da shi, da itacen da ake dafa abincin taronmu da shi, daga wani wuri suka fito. A Amurka an yi wani mai ɗaukar hoto, Ansel Adams, wanda hotunansa na duwatsu da dazuzzuka suka taimaka har gwamnati ta keɓe yankin Kings Canyon a 1940 don kada a ɓata shi. Ba mu ce hoton wayarku zai kai majalisa ba. Amma nan da shekara ashirin, in ana gardama ko an taɓa yin kurmin giginya a wani wuri, hoto mai ɗauke da kwanan wata ne zai raba gardamar.

Sai ladabi da tsaro, a taƙaice. A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki mutum ko gonarsa, in ya ƙi a haƙura. Mata masu wanki ko wanka a bakin ruwa, kada ma a ɗaga waya wajensu. Kusa da barikin soja na Dukku da duk wani shingen jami'an tsaro, waya ta koma aljihu. Kada a hau kwalekwale da ya yi lodi fiye da ƙima don neman hoto. Ba mu manta da haɗarin jirgin ruwa na Wara a 2021 ba. Masu zuwa gida ƙasar Zuru, ku tambayi dattawa kafin ku nufi kowane dutse. Akwai iyalai a cikinmu da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu na wajen Danko-Wasagu da Sakaba. In kun nuna musu hoton duwatsun can, ku lura da fuskarsu, domin gida suke gani, da gonar da ba a iya zuwa.

Ga abin da muke so zumunta ta gwada bana. Kowa ya zaɓi wuri guda da zai iya zuwa da ƙafa: gawo ɗaya, ko wata kwana ta gulbi, ko gefen tudu. Ya ɗauke shi sau huɗu daga inda ya tsaya da fari, da hunturu, da bazara, da tsakiyar damina, da kaka. Ya rubuta ranar da sunan wurin. Ya kuma nemi mai gonar ko masuncin wurin, ya gaishe shi, ya tambaye shi yadda shekarar ta zo masa. Ranar godiyar kaka sai mu wanke hotunan mu manna su a bangon majami'a, huɗu-huɗu, kowane jeri da abin da mai wurin ya faɗa, in ya yarda a rubuta.