Barcelonar da ba ta fitowa a filin ƙwallo

Da yawa daga cikinmu ba mu san Barcelona ba sai ta ƙwallo. Wanda yake son ganin lungunanta, ya nemi littafin Eduardo Mendoza mai suna El misterio de la cripta embrujada, wanda ya fito a 1979, shekara huɗu bayan mutuwar Janar Franco, lokacin da Sifaniya ke koyon magana ba tare da waiwaye ba.

Wata yarinya ce ta ɓace daga makarantar kwana ta sistocin Katolika, inda 'ya'yan masu kuɗi ke karatu. Shekara shida kafin nan an taɓa yin irin haka, aka rufe maganar. Kwamishinan 'yan sanda Flores ba ya son abin ya fasu, sai ya tafi asibitin mahaukata tare da wata sista, ya ɗauko wani tsohon ɓarawo da ko sunansa ba a faɗa mana ba. Alkawari ɗaya aka yi masa: ka gano yarinyar, a sake ka.

Wannan mutumin shi ne daɗin littafin. Ba ya da ko sisi, wari yake yi don wanka ya gagare shi, ransa kuwa na kan kwalbar Pepsi. Amma in ya buɗe baki sai ka rantse babban lauya ne. Da wannan zaƙin bakin yake kutsawa daga unguwar karuwai, inda 'yar'uwarsa Cándida ke neman abinci, har falon attajirai.

Kada wani ya ɗauka Mendoza imani yake yi wa ba'a. Bulalarsa ta sauka ne kan masu fakewa da addini don kare suna: makarantar da ta fi tsoron abin kunya fiye da ɓatan yarinya, uban da kasuwancinsa ya fi 'yarsa daraja, ɗan sandan da rufe fayil kawai ya dame shi. Kowa a littafin yana da abin ɓoyewa, sai mahaukacin.

Gaskiya ƙarshen ya zo a gurguje, kuma warware sirrin bai kai daɗin tafiyar ba. Sai dai abin da ya biyo baya ya biya: mutumin ya gama aikin, aka mayar da shi asibiti.

Littafin gajere ne, kuma zai sa ku dariya. Ku karanta, jama'a, sannan mu yi muhawara kan waye mai hankali a cikinsu.