Sabon Inji, Tsohuwar Dabara

Akwai wani mai injin niƙa a Gwantu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sanga ta Jihar Kaduna, wanda ya gaji tsohon injin Lister mai shan gas daga mahaifinsa. Da shi ya ciyar da iyali shekara da shekaru, har tsufa ya ci ƙarfin injin, kayan gyaransa kuma suka yi wuyar samu. Mata suka fara kai masararsu wani wuri.

Da abin ya ishe shi, sai ya sayar da awakinsa, ya tafi Kafanchan ya sayo ƙaramin inji mai shan fetur. Ya ɗaura shi da hannunsa, ya sa bel, ya tayar. Kafin azahar gari na fitowa da zafi yana warin ƙuna, faranta suna ta cin juna.

Wani tsohon bakanike ya duba, ya ce, "Yaro, Lister na juyawa sau 650 a minti, wannan kuwa sau 3,600. Ka sauya inji, ka bar fuli yadda yake." Aka sa ƙaramin fuli a jikin injin, aka sa babba a jikin maniƙa, aka daidaita bel. Nan take gudu ya ragu, gari ya fito da laushi.

Matan sun dawo da kwanoninsu. Awakin kuwa, sai bayan kaka biyu ya iya mayar da su.